Gishirin Zamfara da Itacen da ke Tsaye cikin Teku

Gulbin nan da ya taso daga wajen Funtuwa, ya biyo ta gefen Gusau, ya wuce Bunguɗu yana shayar da fadamu da lambuna, ba shi da wata alama da za ta sa mai dubansa ya tuna da teku, alhali kuwa can ya nufa. Idan ya tsallake madatsar Bakolori sai ya tarar da Rima kusa da Sakkwato, su gangara tare ta Argungu da Birnin Kabi har su faɗa Kwara, ita kuwa Kwara ta kwashe su ta bi da su ta Yawuri da Lakwaja da Anaca, har inda ta rarrabu rassa-rassa ta shiga ruwan gishiri. Wannan al'amari da kowane ɗan makaranta ya sani a yau ya daɗe yana ba Turawa wuya. A 1824 Clapperton ya zauna gaban Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana tambayar inda Kwara ta ƙare, ya koma gida ya sake dawowa, ajali ya same shi a Sakkwato a 1827 bai ga ƙarshenta ba. Sai a 1830 baransa Richard Lander da ƙanensa suka bi ta cikin kwalekwale har suka ɓulla teku. Abin mamakin shi ne, jiragen Turawa sun fi shekara 300 suna ciniki a waɗannan bakunan ruwa ba su gane cewa kogi ɗaya ne ya haife su ba, domin wani irin kurmi ya rufe su, kurmin itacen da ke tsirowa cikin laka da ruwan gishiri, wanda ake kira mangurof. Mutanen Gusau da Tsafe da Bunguɗu ba su taɓa sare reshensa ba, amma tarihin gishirin da ke cikin miyarsu ya ratsa ta ƙarƙashinsa.

Allah ya hore wa ƙasar Zamfara gero da dawa da auduga da taba, ya ba ta tama a duwatsunta da zinariya a rafukanta, amma bai ba ta mahaƙar gishiri ba. Saboda haka tun zamanin da Birnin Zamfara ke tsaye, kafin Gobirawa su ci shi a tsakiyar ƙarni na 18, har zuwa lokacin da Malam Sambo ɗan Ashafa ya fito daga 'Yandoto ya kafa Gusau a zamanin jihadi, gishiri baƙo ne a wannan ƙasa, saye ake yi, kuma duk inda ya fito can fuskar fatauci ke dubawa.

Ƙarnuka da dama fuskar tana duban arewa. Mafi shahara shi ne na Balma da Fachi, waɗanda ke cikin tsakiyar Sahara, inda ake haƙa ramuka ruwan ƙasa mai gishiri ya taru a ciki, rana ta ƙafar da shi, a kwashe mai kyau na ci wanda ake kira beza, sauran kuma a kwaɓa shi a zuba a mazubi ya daskare ya zama kantu. Kowace shekara bayan damina Abzinawa kan haɗa ayari su keta hamadar Tenere, tafiyar kusan kilomita 600 daga Agadas wadda rijiyoyinta ba su taka kara sun karya ba, ɗauke da geron ƙasar Hausa, su musanya shi da gishiri da dabino, sa'an nan su juyo kudu. A farkon ƙarni na 20 an ƙidaya raƙuma wajen 20,000 a shekara mai albarka. Cikin Abzinawan, Kel Ewe su suka fi kai wa Damagaram da Kano, Kel Geres kuwa, waɗanda suka zauna tsakanin Adar da Gobir, su ne masu gangarowa ɓangaren Sakkwato da Zamfara. Daga yamma kuma akwai gishirin Foga, wanda ake dafawa daga ƙasar kwarin Dallol Foga, inda Bature matafiyi Barth ya tsaya a 1853 ya ga yadda ake tace ƙasa ana tafasa ruwanta; wannan ta kasuwar Jega ya fi shigowa. Daga gabas ga mangul na ƙasar Mangari, ga kanwa ja da fara, ga ungurnu na bakin Tafkin Chadi. Gallo kuwa, gishirin dutse na wajen Tambutu, ɗan kaɗan yake isowa, don magani.

Raƙumi ba ya son laima, ba ya kuma daɗewa a kudu idan hadari ya fara haɗuwa, don haka aikinsa ya ƙare ne a zango, wurin fatoma da dillali. Daga nan jaki da takarkari ke karɓa, su rarraba kaya kasuwa-kasuwa har ƙauyukan gindin dutsen Kwatarkwashi. Ba kuwa tukunya kaɗai ke jiran kayan ba. Bafulatani na bukatar kantu da kanwa domin lasar shanunsa, mai taba gari na bukatar kanwar da zai haɗa, mai jego na jiran kunun kanwa, fataken Gwanja kuma na ɗaukar kanwa su kai Salaga su komo da goro. Talakan da bai iya sayen beza kullum yana da tasa dabara, wadda har yau ba ta bar gidajen karkara ba: mace ta ƙona karan dawa ko na gero, ta tara tokar a cikin ƙoƙo ko tukunya mai huji, ta zuba ruwa ya riƙa ɗiga a hankali, ta sami ruwan toka na sa wa miya. A riƙe wannan aiki na mata a zuci, domin da ɗan bambanci kaɗan shi ne sana'ar da ta ciyar da garuruwa a bakin teku.

Malamai ma ba su ƙyale gishiri ba. 'Yandoto, wadda kufanta ke tsakanin Gusau da Tsafe, kuma sarautar Tsafe ke ɗauke da sunanta har yau, gari ne na ilmi tun kafin jihadi, kuma a irin waɗannan zaurukan duk ɗalibin da ya sauke Risala ya shiga Muhtasar na Halilu zai haɗu da gishiri a babi biyu. A babin ciniki yana cikin abubuwa shida da hadisi ya ambata game da riba: gishiri da gishiri sai daidai wa daida, gishiri da gero kuwa ana iya fifita ɗaya a kan ɗaya, amma lalle a yi hannu da hannu, tun da yake a mazhabar Malik ba a sayar da abinci da abinci a kan jinkiri, ga shi kuwa musayar gishiri da hatsi ita ce ginshiƙin cinikin Buzu da manomi. A babin tsarki kuma mas'alar ta fi daɗin bi. Ruwan teku mai tsarkakewa ne, haka ruwan da ƙasar da yake kwance a kanta ta canza masa ɗanɗano. Amma idan mutum ya jefa gishiri cikin ruwa da gangan har ya jirkita, sai aka sami saɓani, masu sharhi kuma suka rarrabe tsakanin na ma'adini da aka haƙo, da wanda aka dafa daga ƙasa, da wanda aka yi daga tsiro. Wannan na ƙarshe suka ce yana hana alwala da ruwan, domin shi ba yankin ƙasa ba ne, hukuncinsa hukuncin abinci ne. Fukaha'u ba su cika ɓata tawada a kan abin da babu shi ba. Gishirin itace abu ne sananne a duniyarsu, har a nan kusa: a gefen Tafkin Chadi ana ƙona itacen asuwaki, wanda Larabawa ke kira araki, a tace tokarsa a dafa, a sami gishirin da ake kira kige, Bature matafiyi Nachtigal kuma ya ga ana yinsa a shekarun 1870. Asuwaki na iya ba da gishiri ne saboda yana tsirowa a ƙasa mai gishiri yana tara shi a jikinsa. Abin da asuwaki ke yi a bakin tafki, mangurof ya ninka shi a bakin teku.

Wajibi ne a tsaya a kan wannan itace, domin ba a fahimtar sana'ar sai an fahimci halittarsa. Nijeriya ce ke da kurmin mangurof mafi faɗi a Afirka, galibinsa a inda Kwara ta rarrabu, daga wajen Wari zuwa Baras da Boni, ya miƙa har Kalaba. Wurin da yake zaune wuri ne da teku ke cika ta rufe shi, ta janye ta bar shi, sau biyu a kowane yini da dare, kuma duk tsiron da zai zauna nan sai ya jure wa masifu uku a lokaci guda: gishiri, da lakar da babu iska a cikinta, da ƙasar da ba ta riƙe saiwa balle iri.

Matsalar gishiri ita ce babba. A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri wajen giram 35, ɗabi'ar ruwa kuwa ita ce ya bar inda gishiri ya yi ƙaranci ya nufi inda ya yi yawa, kamar yadda uwargida ke barbaɗa gishiri a kan yankakken nama ta ga ruwa na tsattsafowa. Don haka in aka dasa dawa cikin ruwan teku, ƙishirwa ce za ta kashe ta, ruwan jikinta ne zai fita. Irin da ake kira jan mangurof, wanda shi ya fi yawa nesa ba kusa ba a gaɓar Nijeriya, ya magance wannan tun daga ƙofa: fatar ƙananan saiwoyinsa na barin ruwa ya wuce tana tare fiye da kashi 90 cikin 100 na gishirin, har ruwan da ke hawa cikin gangar jikinsa ya kusa zama ruwan daɗi. Amma tacewa irin wannan ba ta yiwuwa sai da ƙarfin ja wanda ya rinjayi jan da teku ke yi, kuma ganye ne ke samar da shi yayin da rana ke busar da ruwan da ke cikinsa. Wani masani mai suna Scholander ya auna wannan ja a shekarun 1960, ya tarar ya ninka nauyin iskar da ke bisa kanmu fiye da sau 30, alhali jan ruwan teku bai wuce wajen sau 25 ba. Ɗan gishirin da ya kuɓuce ya shiga, itacen kan tura shi cikin tsofaffin ganyaye, su yi rawaya su kaɗe. Farin mangurof kuwa wata hanya ya bi: yana barin gishiri mai ɗan dama ya shiga, sa'an nan ya fitar da shi ta wasu ƙananan kafofi da ke jikin ganye, har in an kwana biyu ba a yi ruwa ba a ga ƙwayoyin gishiri sun yi fari a kan ganyen, mai shakka ya lasa ya ji. Dukansu biyu ganyensu na da kauri da santsi domin tsimin ruwa, gama ruwan da aka samu da irin wannan wahala ba na almubazzaranci ba ne. Ga itace tsaye tsamo-tsamo cikin ruwa, amma tattalinsa tattalin tsiron hamada.

Sai maganar numfashi, domin saiwa ma na bukatar iska. Lakar wurin baƙa ce mai warin ƙibiritu, in an wuce fatar samanta babu iska ko kaɗan. Jan mangurof sai ya fitar da saiwoyi daga gangar jikinsa da rassansa, su lanƙwaso ta sararin sama su kafe cikin laka, su zame masa madogara a ƙasar da ba ta da ƙarfi, su kuma zame masa hanci, domin jikinsu cike yake da ƙananan huji, cikinsu kuma sako-sako ne yadda iska za ta gangara har ƙasa. Farin kuwa saiwoyinsa na shimfiɗe ne a ƙarƙashin laka, daga jikinsu dubban tsinkaye masu kaurin yatsa da tsawon taƙi ke ɓullowa sama su kewaye gindin. Idan teku ta cika ta rufe hujin, saiwa ta ci gaba da cin iskar da ta adana, sai cikinta ya yi sauƙi; da ruwa ya janye, sabuwar iska ta faɗa ciki da kanta. Wannan hikima kuwa ita ce kuma rauninsa, domin duk abin da ya toshe hujin ya shaƙe itacen, shi ya sa malalar ɗanyen mai, irin wadda ta auku a Bodo ta ƙasar Ogoni a 2008, ke kashe kurmi sukutum cikin ɗan lokaci.

Al'amarin iri ya fi duka ban sha'awa. Ƙwayar da ta faɗa cikin laka mai gishiri, ruwa na zuwa yana komawa, ba ta da rabo. Saboda haka irin jan mangurof ba ya jiran ya faɗi kafin ya tsira. Yana maƙale jikin uwa yake tsirowa, ya yi tsawo ya kai kamu guda ko kusa da haka, kore, mai nauyi da tsini ta ƙasa, sa'an nan ya saki. In ya dace da janyewar ruwa ya kafe nan take, in kuwa ya faɗa ruwa sai ya yi ta yawo makonni ko watanni da ransa, har ya sami tudun laka ya miƙe ya yi saiwa. Da haka yake cin sabuwar ƙasa: duk inda kogi ya ajiye laka shi ne farkon zuwa, saiwoyinsa su rage gudun ruwa, wata lakar ta ƙara kwantawa, kifi da jatan lande su sami wurin renon 'ya'ya, kawa ta manne a saiwa, ƙaguwa ta yi rami. Kuskure ne a ce yana ƙaunar gishiri. Jure masa yake yi, kuma ya fi girma da tsawo a inda ruwan kogi ya surka na teku, wato a mahaɗar ruwan daɗi da na zartsi da Suratul Furƙani ta ja hankalinmu gare ta. Abin da gishiri ya yi masa shi ne ya kore masa abokan takara.

Malaman Musulunci sun san shi tun da daɗewa. Abu Hanifa Dinawari, wanda ya rasu a ƙarshen ƙarni na 9 na Miladiyya, ya siffanta shi a littafinsa na tsirrai da sunan ƙurmu, kamar yadda yake a gaɓar Oman, kuma da masanin tsirrai Linnaeus ya zo raɗa wa tsirrai suna a 1753 sai ya sa wa jinsin farin sunan Ibnu Sina. Alhazanmu na da, masu tafiyar ƙasa ta Barno da Wadai da Kurdufan, in sun isa Sawakin suna jiran jirgin Jidda, shi ne koren itacen da ke bakin Bahar Maliya, wanda raƙuman wurin ke shiga ruwa su ci ganyensa.

To, mutanen da suka zauna cikin wannan kurmi, Ijo da Itsekiri, sun sami kansu a akasin halin Zamfara: ga gishiri ko'ina, babu gonar da za a shuka doya. Kuma ba su da ranar Balma. Ruwan saman da ke sauka a Baras ko Boni ya ninka na Gusau sau uku ko fiye, kuma Bahaushe ya riga ya ce gishiri na yi wa man kaɗe dariyar rana, ran da ruwa ya zo gishiri ya ji kunya. Tun da ba a shanya, sai a dafa. Waɗanda ke bakin teku sosai suka riƙa tafasa ruwanta a tukwane, makamashinsu kuwa mangurof, wanda icensa ke da nauyi da zafin wuta. Waɗanda ke can cikin rassan kogi, inda ruwan ya surku har bai isa a dafa ba, sai suka koma ga itacen da ya riga ya yi musu rabin aiki: su saro saiwoyi da ƙananan rassa da ganye, su tara su ƙone, su zuba tokar a kwando su tace da ruwa, su tafasa abin da ya ɗiga har ya ƙafe ya bar dunƙule a gindin tukunya. Itsekiri sun shahara da wannan, matansu kuma su ke gina tukwanen, haka mutanen Nembe. Dalziel, likitan nan da ya yi aiki a Arewa har ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a 1916, ya ambaci wannan gishiri a babban littafinsa na 1937. Ɗanɗanonsa ba ɗaya ne da na teku ba, yana da ɗan kaifi irin na toka, waɗanda suka saba da shi kuwa ba su yarda da wani a wasu miyoyinsu.

Da wannan gishiri da busasshen kifi suke sayen abinci. Wani Bafotuge mai suna Duarte Pacheco Pereira, wanda ya yi rubutu a farkon shekarun 1500, ya ba da labarin wani babban gari a bakin kogin da ke wajen Boni inda ake dafa gishiri mai yawa, da manyan jiragen ruwa na gungume ɗaya masu ɗaukar mutum 80, waɗanda ke gangarowa daga nesa da doya da awaki da tumaki da bayi su koma da gishiri. Ashe musayar da Buzu ke yi da manomin Gobir da Zamfara, irinta Itsekiri ke yi da manomin Urobo, Ijo kuma da Ibo. Ƙasar da ke tsakanin hamada da teku tana cin gishiri ta fuska biyu, kowace fuska da iyakar inda kayanta ke kaiwa, a tsakiya kuma ga na Awe da Keana a kwarin Binuwai. Gishirin mangurof bai kai Zamfara ba. Nisa da tsadar dako sun tsayar da shi tun a kudu. Abin da ya iso Zamfara shi ne gishirin da ya kashe shi.

A lardin Cheshire na Ingila akwai gishiri kwance a ƙarƙashin ƙasa, ga gawayin dutse kusa na dafa shi, ga tashar Libaful a bakin ƙofa. Da cinikin manja ya maye gurbin cinikin bayi a ƙarni na 19, jiragen da ke zuwa ɗaukar manja suna bukatar kaya mai nauyi da zai danne su a hanya, babu kuwa abin da ya fi gishiri arha da saurin shiga. Suka riƙa sauke shi a Kalaba da Boni da bakin kogin Binin a farashin da mai saran saiwa cikin laka, mai kwana gaban wuta, ba zai iya karawa da shi ba. Masu kwalekwalen da kakanninsu suka yi arziki da dafa gishiri sai suka ga ribar dillancin na Turawa ta fi, suka ɗauke shi suka bi da shi hanyoyin da tsohon ya buɗe. Galibi idan ana ba da tarihin gishirin Turawa a ƙasar Hausa, raƙumi ake tausaya wa. A ganina an yi kuskuren wanda za a yi wa ta'aziyya, domin mai dafa tokar mangurof ya riga Buzu jin jiki da shekaru masu yawa, kuma shi bai farfaɗo ba.

Daga bakin teku gishirin ya hau Kwara, musamman bayan da jirage masu tururi suka fara zirga-zirga, Kamfanin Neja kuma ya sami izinin mulkin kogin a 1886. A Lakwaja da Egga ya zama kamar kuɗi, ana biyan kaya da shi. Kakanda, masu jiragen ruwa na wannan yanki, su suka riƙa haurawa da shi ƙasar Nufe, daga nan fatake suka kai shi kasuwannin Hausa da sunan gishirin kakanda. Muddin a kan jaki yake tafiya daga Nufe, bai fi ƙarfin na Balma da na Foga a Zamfara ba. Amma abubuwa suka taru a kan hanyar arewa cikin shekaru kaɗan. Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903 suka aza wa ayari kuɗin fito, wanda ba a soke ba sai 1907. Faransa ta kama Balma a 1906. Iyakar Ingila da Faransa ta ratsa ƙasar Gobir. Sa'an nan tawayen Abzinawa ƙarƙashin Kawusan na 1916 zuwa 1917 da ramuwar da Faransa ta yi suka halaka raƙuman Abzin masu yawa, suka tarwatsa masu su. A ɗaya gefen kuwa jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau ya ƙare a Ƙauran Namoda a 1929.

Wannan reshe shi ya mai da garin Sarkin Katsinan Gusau babbar tashar ciniki ta lardin Sakkwato, har ya sha gaban garuruwan da suka girme shi. An shimfiɗa shi ne domin gyaɗa da auduga da fatu, amma taragon da ya tafi da gyaɗa ba ya dawowa wofi, kuma cikin abin da yake dawowa da shi, tare da atamfa da kananzir, babu kamar buhunan gishiri. Kamfanoni irin su UAC da John Holt suka kafa kantuna kusa da tasha, Sabon Gari ya cika da akawuna da 'yan kasuwa daga kudu, 'yan baranda suka riƙa karɓar kaya suna kaiwa Bunguɗu da Maru da Mafara ta hanyar mota. Manomin da ya kai gyaɗarsa kan sikeli da kaka ya karɓi sulalla, ya biya haraji, ya sayi farin gishiri da sauran. Gero ya daina zama kuɗin gishiri, mas'alar hannu da hannu ta koma cikin littafi.

Akwai wani ƙulli a nan da ba a cika lura da shi ba. Jirgin da ke jawo waɗannan taragu a wancan zamani gawayin Inugu yake ci, wanda aka gano a 1909 aka fara haƙa bayan 'yan shekaru, aka kuma gina tashar Fatakwal cikin ƙasar mangurof domin fitar da shi. Ramukan haƙar gawayi na bukatar turaku masu ƙarfi da za su tokare rufinsu kada ya rufta, cikin itatuwan da aka riƙa sarowa domin wannan aiki kuwa har da jan mangurof, saboda taurinsa da jurewar laima. Itacen da aka daina ƙonawa domin gishiri sai ga shi yana tokare ramin da ke ciyar da jirgin da ke kai gishirin Ingila Gusau.

Yaƙin Hitila, daga 1939 zuwa 1945, ya nuna iyakar wannan sabon tsari. Jiragen ruwa suka yi ƙaranci, gishiri ya yi wuya a Nijeriya duka, gwamnati ta sa hannu tana ƙayyade farashi tana rabawa da awo, mutane suka koma neman na gargajiya duk inda ya saura. Arewa ta fi samun sauƙi, domin hanyarta ba ta mutu ba, kuma dalilin rashin mutuwarta shanu ne. Farin gishirin buhu gishiri ne tsantsa, kantun Balma da kanwa kuwa na ɗauke da wasu ma'adinai da makiyayi ya haƙiƙance dabbarsa na bukata, haka mai taba da mai magani da ungozoma. Babu kantin da ya iya raba su da abin da suka gada. Farin 1973 da na 1984 sun sake rage raƙuma, manyan motoci sun karɓi wani kaso na dakon, amma har yanzu ana ɗora kantu a Balma, ana kuma sauke shi a kasuwannin dabbobi na ƙasar Hausa.

A bakin teku kuwa babu shanun da za su ceci gishirin toka, sai ɗan abin da ake yi domin miyar gargajiya. Icen mangurof ya koma bandar kifi da gini da girki. Wani baƙon tsiro mai kama da kaba, wanda aka kawo Kalaba daga Singafo a 1906, ya bazu yamma yana mamaye duk inda aka sare kurmin ko mai ya kashe shi, ba ya kuwa ba da icen banda, kifi ma bai cika zama a gindinsa ba. Gishirin da ake ci a Gusau yau galibinsa ɗanye ake shigo da shi ta jirgin ruwa daga ƙasashe irin su Namibiya da Barazil, a tace shi a Legas ko Fatakwal, a sa masa sinadarin aidin da hukuma ta wajabta tun shekarun 1990 domin maganin maƙoƙo, sa'an nan tirela ta ɗauko shi ta biyo ta Funtuwa da Tsafe, a gefen layin dogon da ya daɗe bai ɗauki buhu ko ɗaya ba.